Tankin murjani na lita 240 a Mamobi, Accra: waɗanne kifaye ne za su zauna lafiya da juna?

Sani Mamobi: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Na haɗa tankin ruwan gishiri, tsawonsa santimita 120, faɗi 45, zurfi 45, wato wajen lita 240. Na zuba yashi, na jera duwatsu, famfo mai kaɗa ruwa da sikima (na'urar da ke fitar da datti daga ruwa ta hanyar kumfa) suna aiki, fitila ma na ɗora. Murjani nake so in rena, wato halittun nan masu rai da ke manne da duwatsu a teku, masu laushin nan da aka ce ba su da wahala. Saura kifi. Ga abin da na rubuta: Nemo huɗu (ƙaramin kifin nan mai ruwan lemo na fim ɗin yara), shuɗin kifin tan, wato bulu tan, ɗaya wanda yara ke kira Dori, rawayansa yalo tan ɗaya, mandarin ɗaya, shuɗayen damsal biyar, ƙaramin kifin zaki ɗaya, da kifin malam-buɗe-littafi ɗaya. Wanda zai kawo min ya ce in ba shi amsa kafin Juma'a. Me kuka gani?

Yakubu Nima: Wa alaikumus salam ƙanina. Kafin komai, don Allah kada ka ba shi amsa ranar Juma'a. Yaushe ka zuba ruwan, kuma ka auna amoniya?

Sani Mamobi: Yaya Yakubu, bai kai mako biyu ba. Gishiri kawai nake aunawa, yana kan 1.025 a ma'aunin nauyin ruwa.

Yakubu Nima: Gishirin ya yi daidai. Amma tankinka bai nuna ba tukuna. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuma guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zama a jikin dutse da yashi, su ne ke mayar da amoniya naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait naitiret, wadda ba ta da illa sosai in ba ta taru ba. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yi yawa ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Sai ka ga amoniya da naitirait duk sun koma sifili sannan a fara zancen kifi. Ka sayi kayan awo, sun fi kowane kifi da ke cikin jerinka muhimmanci yanzu.

Jerin kuma, gaskiya ba zai yiwu ba. Aikina ke nan, ina kula da tankuna a gidaje da ofisoshi wajen East Legon da Airport, kuma irin wannan jeri na sha ganinsa. Mutum yana zaɓen kifi da ido, launi ya burge shi, bai tambayi abu huɗu ba: yaya girmansa zai kai in ya manyanta, me yake ci, yaya halinsa, kuma wane ɓangare na tankin zai ce nasa ne.

Ka fara da kifin zaki. Duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne, kuma bakin yana buɗewa fiye da yadda kake zato. Yau ƙarami ne, nan da 'yan watanni zai haɗiye Nemo ɗinka da mandarin, jatan lande kuwa ba a maganarsu. Babban irinsa yakan wuce santimita 30. Ga dafi a ƙayoyin bayansa, kai kuma kullum hannunka na cikin ruwa wajen gyaran murjani. A cire shi.

Malam-buɗe-littafi kuma, da yawa daga cikin danginsa murjani ne abincinsu a teku. Ka kashe kuɗi ka sayi murjani, ka sake kashe kuɗi ka sayi mai cin sa.

Hajiya Ramatu Madina: Ɗana Sani, ka saurari Yakubu. Ni kan Nemo zan yi magana, don su na fi daɗewa da su. Huɗu sun yi yawa, biyu ake sakawa. Ikon Allah ne a halittar kifin nan: dukkansu a matsayin maza suke tasowa, wanda ya fi girma da ƙarfi a cikinsu shi ne ke rikiɗa ya koma mace, na biyu ya zama mijinta. Sauran ba su da matsayi. A teku suna iya raɓewa gefe, a cikin gilashi babu wurin gudu. Da zarar biyun nan sun shirya, za su tasa sauran a gaba da cizo har su daina fitowa cin abinci.

Ka sayi biyu ƙanana, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma, za su sasanta da wuri. Kuma su zama iri ɗaya. Wanda ake kira oselaris, mai ruwan lemo da fararen zane uku, shi ne mai sauƙin kai. Akwai wani ja mai duhu da ake kira marun, yana da kyau ƙwarai, amma macen kan yi girma ta mallake tanki, har hannun mai ba ta abinci takan ciza. Kada a haɗa maka su.

Sani Mamobi: Na gode Hajiya. To ai an ce min dole sai da anemoni, halittar nan ta teku mai kama da fure mai harbi, za su rayu?

Hajiya Ramatu Madina: Ba gaskiya ba ne. A teku suna fakewa cikinta don kada manya su cinye su. A tankinka wa zai cinye su in ka cire kifin zaki? Nawa a gindin wani murjani mai laushi suke kwana. Anemoni tana son tankin da ya daɗe da haske mai ƙarfi, tana yawo tana ƙona murjanin da ta taɓa, wani lokaci famfo ya zuƙe ta, in ta mutu kuma ta ɓata ruwan gaba ɗaya. Ka bar ta sai gaba.

Abdul Razak Fadama: Duk na yarda da abin da aka faɗa, sai dai ina jiran a zo kan bulu tan, don na san za a ce a cire shi, ni kuma ban yarda ba. Ina sayar da kifin ado, na san abin da ke jan mutane. Wanda ake kawowa bai wuce santimita 4 ko 5 ba. A tanki mai tsawon santimita 120 zai yi shekara yana walwala. In ya girma Sani ya sayar, ko ya sayi babban tanki. Mutum ya kashe dukiyarsa don ya ga abin da ransa ke so, ba don a cika masa tanki da ƙananan kifayen da ke ɓuya a rami ba.

Yakubu Nima: Abdul Razak, ka faɗa min mutum nawa ne a Accra ke da tankin ruwan gishiri mai tsawon ƙafa 6 da ke jiran a kawo masa bulu tan? A Turai da Amurka wannan magana tana da ɗan kamshin gaskiya, don masu karɓa suna da yawa. Mu nan 'yan kaɗan ne, kusan duk mun san juna. Kifin nan yana kai santimita 30, kuma mai ninkaya ne, wuni yake yi yana kai da komowa. Masana harkar suna cewa a ba shi tanki mai tsawon santimita 180, lita 600 zuwa sama. In wuri ya yi masa kaɗan yakan shiga damuwa, jikinsa ya yi rauni, kuma a cikin kifaye duka shi ne na gaba wajen kamuwa da ciwon farin ɗigo, wanda wani ƙwaro ke haddasawa a jikin kifi. In ya kamu sai ya raba wa kowa.

Sannan Sani ya rubuta tan biyu. Dangin tan suna da wata ƙaya mai kaifi kamar aska a gindin wutsiya, da ita suke faɗa. Biyu a lita 240, kullum za ka tashi ka ga yanka a jikin ɗaya.

Abdul Razak Fadama: To na janye kan guda biyu. Amma yalo tan shi kaɗai fa? Bai kai bulu girma ba, kuma yana cin gansakuka, aiki zai yi masa.

Mariama Legon: Yaya Abdul Razak, yalo tan ma yana kai santimita 20. Kuma a duba tsadarsa. Mafi yawan waɗanda ke kasuwa a da daga Hawaii ake kamo su. A watan Janairun 2021 kotu a can ta dakatar da kamun kifin ado don kasuwanci, farashinsa ya yi tsalle a duniya baki ɗaya. Tun 2015 cibiyar Oceanic Institute ta Hawaii ta yi nasarar hayayyafar da shi a tanki, bulu tan kuma masu bincike na Jami'ar Florida suka yi nasa a 2016, amma waɗanda aka haifa a tanki ba su da araha. Kafin a biya dala, a biya jirgi, a canza zuwa sidi, kuɗin kifi ɗaya zai iya saya wa Yaya Sani batiri da inbata. Ni da ni ce, can zan kai kuɗin.

Alhaji Salifu Ashaiman: Ni mai kiwon tarwada ne, ban san kifin gishiri ba, amma ina da tambaya. Ga teku a bakin ƙofarmu. Me zai hana Sani ya je Jamestown ko Chorkor da asuba, ya yi magana da masunta su riƙa ajiye masa ƙananan kifaye masu launi da rai? Ruwan ma ya ɗebo a jarka. Me ya sa sai an jira jirgi daga Indonesiya?

Mariama Legon: Baba Alhaji, tambayar tana da kyau, kuma abin da muke karantawa ke nan a sashen nazarin teku da kifi. Gaɓarmu ba ta da tudun murjani irin na Indonesiya ko Bahar Maliya ko Mombasa. Dalilai sun haɗu. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi yakan taso daga ƙasan teku zuwa sama, wanda shi ne ke kawo wa masunta kakar kifi, amma murjanin da ke gina tudu ba ya son wannan sauyi. Ga koguna irin su Volta suna zuba ruwan daɗi da laka, ruwan ya yi duhu, shi kuwa murjani da haske yake rayuwa, saboda wasu ƙananan tsirrai da ke zaune cikin naman jikinsa su ne ke samar masa abinci daga hasken rana.

Muna da kifaye masu kyau a wuraren duwatsu. Akwai kifin enjel na Afirka ta Yamma, wanda a littafi ake kira Holacanthus africanus, ƙaraminsa shuɗi ne mai ban sha'awa. Akwai tan ɗinmu, Acanthurus monroviae. Amma dukansu suna wuce santimita 40, kuma shi enjel ɗin yana tsinken murjani. Ba na tankin Yaya Sani ba ne. Kifin da ya fito daga ragar masunta kuma yawanci ya riga ya ji rauni.

Ruwan Jamestown kuwa, Baba, ku tuna nan ne tafkin Korle ke buɗewa cikin teku, ɗauke da duk abin da kogin Odaw ya kwaso daga cikin gari. Ba zan zuba shi a tankin murjani ba ko da kyauta ne. Gishirin da aka haɗa don tanki, da ruwan da aka tace da na'urar RO mai cire gishiri da datti daga ruwa, shi ne hanya. Gishirin girki ko na garin Ada ba ya yi, ba shi da sinadaran da murjani ke buƙata.

Alhaji Salifu Ashaiman: Allah Ya yi miki albarka 'yata, na ƙaru. To bari in ba da abin da na sani ni ma. A wurinmu masu tarwada, ba yunwa ce ke kashe kifi dare ɗaya ba, rashin iska ne. Tarwada ma da ke iya hawowa ta shaƙi iska a sama takan wahala in an cunkusa ta. Sani, in an ɗauke wuta da ƙarfe ɗayan dare a watan Maris, me ka tanada?

Sani Mamobi: Gaskiya Alhaji ban da komai tukuna. Fanka mai caji kawai gare ni.

Yakubu Nima: Alhaji ya taɓo inda maganar take. Duk jerin kifayen da kake gani a intanet, mutanen da wutarsu ba ta yankewa ne suka rubuta, kuma matsalarsu sanyi ce, hita suke saya. Mu zafi ne matsalarmu da dumsor, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki. Murjani yana son digiri 25 zuwa 26 a ma'aunin Selshiyas. Ya jure 27 ko 28, amma in ruwa ya zauna a 30 sai ya fara fari yana mutuwa. Ɗaki a Mamobi daga Fabrairu zuwa Afrilu ka san yadda yake, ga zafin famfo da fitila a kai. Ruwan ɗumi bai riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi, ruwan gishiri kuma bai riƙe ta kamar ruwan daɗi. To ka haɗa: ruwa ya yi ɗumi, famfo ya tsaya, kifi goma sha huɗu suna numfashi, bakteriya na numfashi, murjani ma da dare shan iskar yake yi. Manyan kifaye irin tan su ne ke fara kwantawa.

Na taɓa shiga wani ofis da safiyar Litinin, an kashe janareta tun daren Juma'a. Abin da ya rage da rai ƙaramin kifin gobi ɗaya ne da dodon koɗi. Har yanzu in na tuna raina yakan ɓaci, don ƙaramin famfon iska mai batiri ya isa ya cece su.

Shi ya sa nake cewa duk adadin da aka ce tanki zai ɗauka, mu a nan mu rage. Lita 240, bayan dutse da yashi sun ci nasu wuri ruwan bai fi 200 ba. Ƙananan kifaye shida, iyaka bakwai. Famfon iska mai batiri dole ne. Famfo ɗaya mai kaɗa ruwa ya kasance a kan inbata. Fanka ta riƙa hura saman ruwa, tana sauke zafi da digiri ɗaya ko biyu, in da hali a sayi na'urar sanyaya ruwa. Kuma ka sani fanka na ƙafar da ruwa, balle da hunturu. Ruwan da ya ƙafe da ruwan daɗi tatacce ake cikawa, ba na gishiri ba, don gishirin bai tafi ko'ina ba.

Malam Awal Sabon Zango: Ina biye da ku tun ɗazu. Abu ɗaya zan ƙara. Ajiye kifi don sha'awa ba laifi ba ne, amma duk dabbar da ka tsare, ci da shanta da lafiyarta sun hau wuyanka. Kowa ya san hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Don haka maganar a saya in ya girma a san yadda za a yi, ban natsu da ita ba. Wanda ka san ba za ka iya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa ba, ka bar shi inda yake.

Abdul Razak Fadama: Malam, na ji kuma na karɓa. Ba ina cewa a azabtar da kifi ba ne. Amma a bar ni in faɗi wannan: akwai tan ƙanana. Tomini bai wuce santimita 15 ba, kuma wuni yake yana kankare gansakuka a dutse. Ina da abokan ciniki da ke riƙe da shi a tanki mai tsawon ƙafa 4 lafiya lau.

Yakubu Nima: Tomini magana ce da za a iya zama a kai. Yawanci ana ce masa lita 260 zuwa 280, na Sani ya ɗan gaza. Da yana da wutar da ba ta yankewa da na ce ya gwada. A halin da ake ciki ban ba da shawara ba.

Abdul Razak Fadama: Ni dai ina ganin zai yiwu in an rage sauran.

Sani Mamobi: To mandarin fa? Shi ne ya fi burge ni a cikin duka. Kuma ƙarami ne, bai kai santimita 8 ba, ba ya faɗa.

Hajiya Ramatu Madina: Wayyo, mandarin. Babu wanda zai gan shi bai so shi ba. Matsalarsa ba faɗa ba ce, ciki ne. Ba ya cin abincin gwangwani kamar sauran. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne na ruwa da ke rayuwa a dutse yake tsinta, ɗaya bayan ɗaya, daga safe har dare. Sabon tanki ba shi da su. Za ka ga yana yawo kamar lafiya, ashe cikinsa na shafewa, bayan wata biyu ko uku ya mutu da yunwa a gabanka. Sai tanki ya shekara, duwatsu sun cika da rai, kuma babu wani mai cin irin abincinsa, sannan a yi tunaninsa. Ka yi haƙuri da shi ɗana, ba hana ka aka yi ba, jinkirtawa ce.

Damsal kuma, na san dalilin da ya sa ake tura wa sababbi su: suna da araha, ba sa mutuwa da wuri. Amma ƙaramin nan shuɗi in ya kama dutse ya ce nasa ne, ko kifin da ya ninka shi uku sai ya kora. Kuma in ka gaji da shi ba ya kamuwa, sai ka fitar da duwatsun duka da murjanin da ke kansu.

Fuseini Asawase: Gaisuwa daga Kumasi. An rushe wa Sani jeri, a gina masa wani mana. Ga abin da ke zaune lafiya a nawa, wanda bai kai nasa girma ba.

Gobi mai ruwan ɗorawa da ake kira mai gadi, tare da jatan landensa mai haƙa rami. Wannan shi ne abin da baƙi suka fi tsayawa kallo a gidana. Jatan landen ba ya gani sosai, shi ke haƙa rami yana fitar da yashi, gobin kuma yana bakin ƙofa yana gadi. Kullum gashin bakin jatan landen na taɓe da jikin gobin, da ya ga motsi ya kaɗa wutsiya sai su faɗa rami tare. Suna ƙasa, ba ruwansu da kowa. Sai dai duwatsunka su zauna a kan gilashin ƙasa, ba a kan yashi ba, don in ya haƙe ƙarƙashinsu za su rufto.

Sai fayafish, fari da jan wutsiya, yana tsayawa a tsakiyar ruwa. Matsoraci ne, guda ɗaya ya isa. Sai royal girama, rabinsa shunayya rabinsa rawaya, daga tekun Karibiyan, yana son kogo. A kula, akwai wani dotibak mai irin launinsa sak, mugu ne, wasu masu sayarwa kan rikita su. Kada a saka su tare, kuma kada a karɓi dotibak a madadinsa. Duk kifaye biyu da suka yi kama a launi da siffa, ko suke neman wuri ɗaya, su ne ke faɗa.

Mariama Legon: A ƙara kadinal na Banggai, mai zanen baƙi da fari da ɗige-ɗige. Natsattse ne. Amma Yaya Sani ka nace a kawo maka wanda aka haifa a tanki. Asalinsa wasu 'yan tsibirai ne na Banggai a Indonesiya, kuma tun 2007 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka shi cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa, saboda yawan kamun da ake yi masa don kasuwar kifin ado. Yana hayayyafa a tanki cikin sauƙi, namijin ne ke riƙe ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe. Guda ɗaya ko mace da namiji, maza biyu ba sa shiri.

Nemo ma haka, na haihuwar tanki ya fi. Ya saba da abincin hannu, bai cika zuwa da cuta ba. Wani abin baƙin ciki a kasuwar nan, har yanzu a wasu wurare na Filifin da Indonesiya akwai masu fesa gubar sayanaid a cikin murjani don kifi ya suma su kama, duk da doka ta hana. Kifin zai iso da kyansa, ya mutu bayan kwanaki ba ka san dalili ba, murjanin da aka fesa wa kuma ya riga ya mutu a can. Ka tambayi mai kawo maka daga ina kayansa suke. Murjani masu tauri kuma suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin halittun da ke cikin barazana, sai da takarda ake ƙetare iyaka da su, a nan Ghana sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji ne ke riƙe da wannan.

Yakubu Nima: Jerin Fuseini da Mariama ya yi. Saura tsarin shigarwa, wanda mutane ke rainawa. Tanki kamar gidan haya ne a Nima: wanda ya riga shiga ya san famfo, ya san inda ake shanya, sabon zuwa sai ya bi a hankali. To mai sanyin hali shi ake fara ba ɗaki, mai zafin kai ya zo ƙarshe ya tarar kowa ya kafu. Fayafish da gobi da jatan landensa su fara. Bayan mako 2 ko 3, in awo ya nuna amoniya sifili, kadinal ya shiga. Sai Nemo biyu a rana ɗaya. Royal girama a ƙarshe. Shida ke nan. Kada a zuba su lokaci guda, bakteriyar ba za ta iya ɗaukar nauyin ba.

Kuma kowane kifi ya fara zama a wani ƙaramin tanki daban na mako 4 kafin ya shiga babban. Lita 40 zuwa 60 ta isa, babu yashi, 'yan guntayen bututun roba don ɓuya. Dalili shi ne ciwon farin ɗigo. Ƙwaron da ke kawo shi yakan bar jikin kifi ya faɗa yashi, ya hayayyafa a can, ya dawo da yawa. Maganin da ya fi aiki a kansa yana da sinadarin jan ƙarfe, shi kuma yana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi, har dutse yakan shanye shi. Ba a zuba shi a tankin murjani ko kaɗan. In cutar ta shiga babban tanki, sai an kwashe kifin duka an yi musu magani a waje, a bar tankin babu kifi har kwana 76 kafin ƙwaron ya mutu. Ka ga wanne ya fi sauƙi.

Fuseini Asawase: Mu na Kumasi killacewar ta fi zama mana dole. Kifi ya sauka a filin jirgin Accra ya riga ya yi kwana a leda, sannan ya sake hawa mota kilomita wajen 250. Yana isowa a galabaice. Ina rage haske, in bar ledar ta yi iyo a ruwan har zafinsu ya daidaita, in auna gishirin ledar in gwada da nawa, ruwan ledar kuma ba ya shiga tankina.

Hajiya Ramatu Madina: Tunda ka ce murjani masu laushi, ka kiyaye da masu kama da ƙananan furanni, waɗanda ake kira zowa da paliytowa. Wasunsu na da dafi mai haɗari ga mutum. Safar hannu, kada ruwansu ya fantsama a ido, kada a taɓa tafasa dutsen da suke kai ko a kankare shi a cikin ɗaki. In akwai yara a gidan, murfi ya zauna a rufe.

Sani Mamobi: Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na kira mutumin na ce a dakata. Abin da na tsayar: fayafish ɗaya, gobi mai gadi da jatan landensa, kadinal ɗaya na haihuwar tanki, oselaris biyu, royal girama ɗaya. Kuɗin tan zai tafi kan batiri da famfon iska da ƙaramin tankin killacewa. To gansakuka fa, wa zai ci tunda babu tan? Kuma murfin gilashi zan yanka ko yaya?

Abdul Razak Fadama: Nan ne tomini zai yi maka amfani, amma tunda an rinjaye ni, ka nemi bileni mai ɗigo a wutsiya. Bai wuce santimita 6 ba, yana cin gansakuka, ba ya taɓa kowa. Shi ne na bakwai, ka saka shi kafin royal girama. Ka haɗa da dodon koɗi irin turokas, in sun kife suna iya miƙewa da kansu. In ka shekara ka sayi inbata mai ƙarfi, mu sake zancen tomini, ban bar maganar ba.

Yakubu Nima: Bilenin na yarda da shi. Murfi kuma kada ka sa gilashi, yana riƙe zafi ya hana iska shiga. Ka sa a yi maka firam ka ɗaura raga ta roba marar launi, idonta kada ya wuce milimita 6, don fayafish da gobi duk masu tsalle ne, kuma ta ƙaramar kafa suke fita. Ka toshe gefen da wayoyi ke wucewa. In ka sayi kayan awon, turo mana lambobin amoniya da naitirait da zafin ruwa na ƙarfe uku na rana, daga nan za mu san ranar da fayafish zai shiga killacewa.